Kwana Goma Sha Biyu Ba Sigari

Shekara shida mijina yana shan ƙwayoyin da suka kore masa muryoyin da yake ji a kansa. Ya koma shagonsa na kafinta, yana ƙera kujeru, yana kuma zuƙe kwalin sigari guda a wuni. Wata safiya autarmu ta ƙi yarda ya ɗauke ta, wai rigarsa tana wari. Daga ranar bai sake kunna ko kara ɗaya ba.

Sati biyu bai cika ba barci ya fara kayar da shi. Na kai masa abincin rana, na tarar da shi kife a kan katako, zarto a hannu, yawu ya jiƙa masa riga. Da ya miƙe, jiri ya kwashe shi.

Yayansa ya ce ciwon ne ya dawo. Mai waldan da ke kusa da shagon kuwa kara ya miƙo masa. "Jikinka ne ke nema, ja biyu ka wartsake."

"Mayar da abinka aljihu," in ji maigidana, harshensa da nauyi. "Na ce na bari."

Ni na san ciwon nan. Hana shi barci yake yi, bai taɓa sa shi ba. Na ja shi asibiti tun ranarmu ta ganin likita ba ta zo ba.

Likitar ta tambaya ko wani abu ya canja. Na ce, "Sigari kawai ya daina, yau kwana goma sha biyu."

Ta ajiye biro. "Baiwar Allah, kin gama mini aikin."

Ta ce hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa cinye irin wannan maganin da sauri, shi ya sa ake ba shi da yawa. Da hayaƙin ya tafi, sai maganin ya taru masa a jini. Aka ɗebi jininsa, ta rage ƙwayoyin, ta gargaɗe mu kada mu ƙara ko mu rage da kanmu.

"Wato laifina ne?" ya tambaya.

"Laifi? Malam, mutum nawa nake roƙo su bari, sun kasa!"

A motar haya da muka shiga bai san kowa ba, amma ya juya ga dattijon da ke gefensa, idonsa na lumshewa, ya ce, "Baba, yau an rage mini magani. Taba na bari, matata ta gano sauran."

Na kawar da kai wajen taga, don murmushina ya yi yawa.