Kifin da Ya Ci Sunanmu

Wanda ya fara hana baƙo kifin farko na shekara a zuriyarmu shi ne Walikas, kakan kakata, a zamanin da jiragen masu sayen fata suka soma tsayawa a bakin kogin Kolombiya. Baƙin nan sun ga ƙaton kifin a hannunmu, mu mutanen Cinuk, sai suka laƙaba masa sunanmu. Ba su nemi izini ba.

Ƙa'idar kuwa ba ta sauya ba tun daga Walikas. Kifin farko baƙo ne, ba haja ba. Ana tsaga shi ta tsawo, a ƙone zuciyarsa kada kare ya taɓa, kowa ya ɗanɗana, sa'an nan a mayar da ƙashinsa ruwa domin ya shaida wa 'yan'uwansa cewa an karrama shi.

Bana ɗan ƙanwata Delbert ne ya kama shi, a jirgin ubangidansa Halvorsen, mai gidan abinci, wanda ya riga ya yi wa baƙinsa alkawarin kifin. Na tafi matsayar jirage da hulata ta taro, na gai da Halvorsen yadda ya kamata, na karanto masa abin da magabata suka yi. Ya saurare ni yana sosa ƙeya.

"Tsoho, wai Cinuk ba sunan kifi ba ne? Ashe har yanzu akwai sauranku?"

"Akwai. Ɗayanmu ne ke ja maka komar kamun kifi shekara da shekaru."

Ya yi dariya, ya ce duk wanda ya sauke kifin nan daga jirgi ya sauka tare da shi, kada ya dawo. Delbert yana da 'ya'ya, sana'a kuma ba ta da yawa a garinmu. Ba na roƙon ɗa a gaban bare.

Delbert ya daɗe yana duban kifin. Sa'an nan ya tuɓe safar hannunsa, ya rungume shi.

"Kawu, matsa mini hanya, yana da nauyi. Kai da surutu, ni da dako."

Mun tsaga shi ta tsawo. Delbert ya rasa aikinsa, har yau bai sami wani ba, kuma ban yafe wa Halvorsen tambayarsa ba. Abin da muka samu: loma guda ga kowane baki, da ƙashi a cikin kogi. Abin da muka riƙe: sunan da kifi ya ara a wurinmu.