Murfin da Auta Ya Manta

Ƙanena Auta gyaran lif yake yi a dogayen benaye, kuma miskili ne na ƙarshe, amma ka tambaye shi zancen taurari ka ga baki ya buɗe. Yana da madubin hangen nesa, wani dogon bututu mai ƙafa uku, yana maƙala masa kyamara ta baya yana ɗaukar hoton sama daga rufin benen da muke haya. Ni ce babba, ni nake zaune da Mama. Shi yana ɗakin da ke samanmu, kuma ni ce mai cin tuntuɓe da ƙafafun abin nan a kan matakala.

Mama ce ta jawo mana. Muna yara, in an ɗauke wuta, sai ta fitar da mu waje ta nuna mana kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da suke cure wuri guda. Ni ina fama da sauro, shi yana kallon sama baki sake.

Yanzu cutar yanar ido ta rufe wa Mama ido biyu. Likita ya ce aikin ƙarami ne, a cire yanar ta koma gani, amma in aka yi ta jan ƙafa abin zai yi wuya. Mama ta ce atafau.

"Ba mai sa mini wuƙa a ido. Me ya rage ban gani ba? Fuskokinku ai na haddace su."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa ta da ƙanwarta a waya, duk a banza. Tsoro take ji, kuma ba za ta taɓa faɗa ba. Ni ma tsoron nake ji, don na fara kama ta tana laluben bango in za ta shiga banɗaki.

"Yaya, bar ni da ita," in ji Auta. "In ta sake ganin kazar nan sau ɗaya, da kanta za ta nemi likita."

Ya ɗauko hoton, ya sa a talabijin ɗin falo, ya ja labule. Mama ta gyara zama ta ce, "To, kunna mana." Alhali a kunne yake.

Wani zai gane daga nan cewa matsalar a idonta take. Auta kuwa ya ce saiti ne bai yi ba, hoton bai fita tar ba. Daga nan kaya suka fara shigowa gida. Ya sayo wani ɗan maɓalli da ake murzawa a hankali, wai na da yana saurin wuce wuri. Ya sayo zoben ƙarfe da ke ƙara tazara tsakanin kyamara da bututu. Ya sayo waya mai madanni don kada hannunsa ya girgiza komai. Na ƙarshe shi ne wani baƙin murfin roba mai tsage-tsage, kamar na magudanar ruwan wanka.

Ya tsare ni a kicin sai da ya yi mini bayani. Ana kifa murfin a bakin bututu, sai tauraro ya fito da dogayen layuka na haske, biyu sun gicciye, ɗaya ya ratsa su. A yi ta murza maɓalli har na ukun ya zauna daidai tsakiya. In ya zauna, saiti ya yi.

"Sai a cire murfin," ya ce. "In ba a cire ba, an yi aikin banza."

"Na ji, malam. Matsa mini in sauke tukunya."

Taurarinsa suka ƙara tsini, kowanne kamar bakin allura. Shi yana ta murna. Mama kuwa baƙi kawai take gani, har ta fara ce masa "ya yi kyau" don ta sallame shi. Wannan "ya yi kyau" ɗin ya fi komai ci mini rai.

Wata ranar, duhu bai daɗe da shiga ba, yana can sama, Mama ta ɗauki filas za ta ajiye a kan tebur, ashe teburin ba nan yake ba. Ruwan zafi ya sauka a ƙafarta. Na ƙwalla wa Auta kira. Ya danna madanninsa ya sauko a guje, muka yi ta zuba ruwan sanyi, muka kai ta asibiti aka duba aka naɗe. Ƙunar ba ta yi zurfi ba. A hanyar dawowa kowa ya san abin da ya jawo. Kyamara kuwa tana can tana ta ɗauka ita kaɗai har batir ya ƙare.

Da hantsi ya shigo da kwamfutarsa, fuska a murtuke.

"Na manta murfin."

Na leƙa. Kowane tauraro ya baje, ya fito da dogayen layuka ta kowane gefe. Duk da halin da nake ciki sai da na fashe da dariya.

"Auta, kazarka ta yi gashin baki."

"Gogewa zan yi."

Mama tana kan doguwar kujera, ƙafa a kan matashi. "Dariyar me ake yi ba ni? Wane murfi?"

Na gaya mata ɓarnar da ɗanta ya yi. Ta ce a sa mata, ita ma ta yi dariyar. Auta ya sa a talabijin yana ƙunƙuni, ya ja labule don ya saba.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta miƙo wuya, ta ƙanƙance ido. Can sai ta ɗaga yatsa tana bin hasken ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi.

"Wannan ai kaza ce," ta ce a hankali. "Ga uwar nan."

Auta ya dafa bango. Ni kuwa na toshe bakina da gefen mayafi, don na san in na yi motsi kuka zan yi.

Yatsan ya tsaya a gefen hagu, ya yi ta zagaye wuri ɗaya.

"Ina 'yar ƙaramar? Akwai wata da take manne da wannan. Kullum ita nake fara nema."

"Tana nan, Mama," in ji Auta.

"Ba ta nan."

"Tana nan, dab da yatsanki."

"Kai kana ganinta?"

"Ina ganinta."

Ta juyo wajen da take jin numfashina. "Ke ma?"

"Ni ma, Mama."

Ta sauke hannu, ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Likitan nan naku," ta ce, "hannunsa ba ya rawa?"

"Ko kaɗan."

"To kira shi, kafin in sake shawara. Kai kuma Auta, ka cire wannan murfin naka. In na dawo, ba na son mai gashin baki."

Na ɗauko waya, na nemo lambar, na danna kira.