Ƙarfe Taran Malam Maccido

A shekarun da ake ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, aka turo Malam Maccido ya koyar a makarantar elemantare ta wani gari a bakin gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo. Ɗan Rabah ne, ya yi makarantar Midil a Sakkwato, ya fito da alƙalami biyu a aljihu da raini mai yawa a ido. Makarantar ɗaki ɗaya ce ta laka. Yara ashirin da uku ne a ciki, yawancinsu 'ya'yan masunta da manoman albasa waɗanda ba su da bakin roƙon Maigari ya tsallake gidajensu ranar ɗibar yara.

Abin da Malam Maccido ya fi ji da shi a duniya shi ne agogon bangon da aka aiko daga Sakkwato a bayan jaki. Ranar da ya rataye shi, rabin gari ya zo kallo. Ya tsaya a ƙarƙashinsa yana gyara hula kamar shi ya ƙera shi.

"Daga yau," in ji shi ga yaran, "duk wanda yac ce min hantsi ko walaha cikin ɗakin ga, ya sha bulala. Mi na na hantsi? Mutanen kirki da ƙarhe suka magana."

Bai tsaya kan yara ba. Akwai Baba Mode, tsohon ladanin garin, wanda ya shekara arba'in yana auna inuwar wani turke da tafin ƙafarsa kafin ya kira salla. Malam ya same shi a bainar jama'a ya ce masa lokaci ya fi ƙarfin ƙafa mai faso. Baba Mode ya dubi ƙafar tasa, ya ce, "To, Malam," ya wuce.

Kwana arba'in agogon ya yi yana tafiya, ran nan ya tsaya cik. Da yara suka tashi, Malam ya sauke shi ya buɗe bayansa da wuƙa, ya tarar zanzaro ya gina gida a ciki. Garin ƙwaƙule lakar, wata 'yar waya ta yi tsalle ta faɗa cikin rairayi, ba a sake ganinta ba. Ya zauna ya yi tagumi. Ya rubuta wa Sakkwato, a ce ya lalata kayan gwamnati. Ya gaya wa mutanen gari, ya shiga bakin majalisa har ya mutu. Sai ya mayar da agogon bango.

Daga ranar ya samu sabon aiki. Ya lura da inda hasken rana ke faɗowa ta ƙofa, ya zazzana layuka a daɓe da ƙusa. In haske ya taɓa layi, sai ya hau kujera ya tura hannun agogon da yatsa. In Baba Mode ya kira azahar, ya san biyu ta yi. Yaran kuwa ya ce musu ƙara wa agogon ƙarfi yake yi, haka agogunan Turawa suke so.

Karatu bai tsaya ba. Gajeren hannu awa, dogon hannu minti. In jaki ya bar Shinaka ƙarfe bakwai ya iso sha ɗaya, awa nawa ya yi? Yaran sun haddace amsoshin suna rerawa kamar waƙa, ka sauya jakin da raƙumi su ɓace. Hassana kaɗai, 'yar wani masunci mai shekara takwas, ita ce ke lissafawa da gaske, tana ƙirga yatsunta a ƙarƙashin zane.

Bayan damina takarda ta zo cewa Baturen makaranta, wanda ake wa laƙabi da Mai Lofe, zai kwana barikin Wurno ya iso ranar Alhamis ƙarfe tara daidai. An ja layi biyu a ƙarƙashin daidai.

Tun sassafe aka jera yaran a fili, an shafe musu ƙafafu da man gyaɗa. Maigari Abdulƙadiri ya zauna a inuwa da mutanensa. Rana ta ɗaga. Malam yana shiga ɗaki yana tura hannu: goma, sha ɗaya, sha biyu. Ya hana yaran shiga inuwa kada Bature ya ɓullo ya tarar layi ya karkace. Wani ƙaramin yaro ya yi amai, aka rufe da ƙasa aka mayar da shi wurinsa. Baba Mode ya kira azahar, manya suka je suka dawo. Sai can ga masinja a guje, ya ce Bature na mashaya.

Maigari ya leƙo ɗakin ya nuna bango da sanda. "Malam, abin ga mi yac ce?"

"Biyu da kwata, ranka shi daɗe."

"Shi Bature nawa yac ce?"

"Tara."

"To so kaka yi shi shigo shi ishe bango na ƙaryata shi? Bature ba shi makara. Maishe shi tara."

Malam ya buɗe baki zai yi bayanin cewa lokaci ba ya komawa baya, sai ya tuna da yatsansa yake tafiyar da shi wata biyar. Ya hau kujera ya mayar da shi tara.

Mai Lofe ya iso jiƙe har ƙugu, don kwalekwalen fito ya kife da shi a bakin gaɓa. Idanunsa ja, kamar na wanda bai tashi da wuri ba. Ya ciro agogon aljihunsa ya girgiza, ruwa ya ɗigo, ya mayar. Da ya shiga ɗaki ya ɗaga kai ya ga tara a bango. Ya waiwaya ya dubi rana, wadda ta riga ta karkata yamma. Ya sake duban bango.

"Madalla," in ji shi.

Malam ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Aka shigo da yaran. Bature ya nuna agogon da lofensa, cikin Hausarsa mai kama da tafiyar jaki a kan tsakuwa ya ce, "Yara, ƙarfe nawa?"

"Ƙarhe tara!"

"Ni ya tashi Wurno ƙarfe shida. Awa nawa ni ya yi a hanya?"

"Ukku!"

Ya yi murmushi, Maigari ya yi murmushi, Malam ya fi kowa. Sai Bature ya hango hannu ɗaya a sama.

"Ke, yarinya?"

Hassana ta miƙe, leɓɓanta sun bushe. "Ranka shi daɗe, in shidda kat tashi, awa takwas kay yi. Mu ko awa biyat munka yi tsaye bayan tara. Baba Mode ya kira azahar tun ɗazu, azahar ko biyu ta."

Malam ya zare mata ido har ya ji jijiyar wuyansa na zafi, ita kuwa ta ɗauka so yake ta ƙara bayani.

"Agogon ba shi tahiya sai Malam ya tura shi. Ya tura har biyu, Maigari yac ce a maishe shi."

Maigari ya soma nazarin kan sandarsa. Mai Lofe ya taka zuwa bango ya ƙwanƙwasa agogon da lofe. Ɓarɓashin laka ya zubo masa a takalmi. Ya kara kunne, ya daɗe yana saurare, kamar mai jiran a amsa sallama a kango.

Malam Maccido ya gama sallama da aikinsa a zuci. Har ya hango kansa a Rabah yana bin bayan shanun noman babansa, alƙaluman nan biyu a aljihu. Amma Bature bai yi tsawa ba. Ya matso kusa da shi ya rage murya, ya ce yana so ya kai Goronyo kafin rana ta faɗi, yanzu ƙarfe nawa na gaskiya?

Malam ya saci kallon layukansa na daɓe. Maigari na tsaye a kansu, babbar rigarsa ta tare ƙofar gaba ɗaya. Ba yadda ya iya, ya aika a kira Baba Mode. Tsohon ya zo bai yi sauri ba, ya tsaya a fili ya auna inuwa ƙafa bayan ƙafa, kowa na kallo.

"Ku gaya mai shi hau doki yanzu," in ji shi. "In ya tsaya shan ruwan zahi, magariba ta ishe shi hanya."

Bature bai tsaya shan shayin ba. Ya karɓi littafin baƙi na makaranta, ya yi rubutu da sauri, ya fita.

Sai da ƙurar dokin ta kwanta Malam ya iya buɗe littafin. Ya karanta Turancin sau biyu. Bature ya rubuta cewa ya iso ƙarfe tara kamar yadda aka tsara. Yara sun iya karanta agogo sosai. Akwai yarinya guda da ke bukatar a koya mata ladabi. Agogon makaranta yana aiki lafiya. A ƙasa ya bar wurin da malami zai sa hannu ya shaida.

Malam ya ciro alƙalami ya sa hannu, har da ƙawata wutsiyar harafin ƙarshe.

Bayan wata guda, da ya ga asiri ya riga ya tonu, yara har suna rige-rigen ɗauko masa kujera, sai ya yi ƙarfin hali ya rubuta wa Sakkwato yana roƙon a gyara agogon. Amsa ta dawo cikin mako uku, layi biyu kacal. An ce an duba rahoton Baturen makaranta, wanda shi malamin da kansa ya sa wa hannu, an ga agogon lafiyarsa ƙalau. Saboda haka a daina ɓata wa ofis lokaci.