Ba Ni da Uzuri, Yallaɓai

Shekara shida na yi ina karatun lauya, amma wata shida kacal aikin soja ya ɗauka ya sauya ni kamar ba a taɓa koya mini komai ba. Da asuba gudu, da hantsi fareti, da yamma goge takalmi har sai ka ga haƙoranka a ciki. Sajen da ke horar da mu, Ba-Wasa muke kiransa a bayan idonsa, ya tsani lauyoyi. Ranar da na makara na fara yi masa bayani, sai ya sa ni tsallen kwaɗo har na ga duhu-duhu.

"Nan ba kotu ba ce!" in ji shi. "In na gaba da kai ya tambaye ka dalili, amsa ɗaya ce. Maimaita!"

"Ba ni da uzuri, yallaɓai!"

Na maimaita ta har ta zama mini kamar atishawa. Da aka maƙala mini anini biyu a kafaɗa, alamar na zama hafsa, wallahi kaina ya kumbura. Yayata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Oh, su lauyan bindiga! To a dai riƙa tunawa da mu talakawa."

Aka tura ni ofishin shari'a na bariki, wani ɗaki mai fanka ɗaya da kabad uku na fayil waɗanda da ƙyar suke rufuwa. Wata biyu ina kwafe-kwafe kafin Manjo, shugaban ofishin, ya jefo mini fayil. Wani kofur ne ya bar bakin ƙofar da yake gadi na awa uku. Shekararsa goma sha tara a aiki. In kotun soja ta same shi da laifi, kora ce, kuma ɗakinsa na bariki ya tafi. Ni aka ba aikin kare shi.

Ina shirin fita, tsohon magatakardanmu ya ɗago daga keken rubutunsa.

"Yallaɓai, da ka rataye rigar nan da hular, ka je masa da farar shat."

"Saboda me?"

"Haka masu kare mutum ke yi a nan."

Rigar da na ɓata safiya ina gogewa? Haba! Na ce a raina tsoho ya fara rikicewa, na gyara hulata na wuce.

A ɗakin da ake tsare da shi benci ɗaya ne da bokiti. Yana ganin kafaɗata ya zabura ya ƙame, idonsa a bango. Mutum ne mai furfura a gemu, ya girme ni nesa ba kusa ba. Na zauna a bencin na buɗe fayil.

"Kofur, me ya sa ka bar wurin gadi?"

"Ba ni da uzuri, yallaɓai."

"Ni lauyanka ne. Ina ka je?"

"Ba ni da uzuri, yallaɓai."

Sau uku na juya tambayar, sau uku ya ba ni amsar nan. Raina ya ɓaci. Ga zafi, ga wari, ga mutum yana ɓata mini lokaci. Na ce, "To shi ke nan, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba." Na rufe fayil na fita, yana nan a ƙame.

A kotu ya amsa laifinsa da bakinsa. Na miƙe na roƙi sassauci, na kawo shekarunsa da tsabtar fayil ɗinsa, har na ji daɗin yadda muryata ke fita. Minti arba'in aka gama komai. Kora.

Bayan sati biyar, da aka tabbatar da hukuncin daga sama, aka aike ni da takardar sallamarsa. Na tarar da kaya a waje, katifa a naɗe, tukwane cikin buhu. Shi ya tafi neman mota. Matarsa ce zaune a kan akwati, da wata yarinya kwance a cinyarta, an aske gefen kanta, ga tabon ɗinki.

"Kai ne lauyan?" in ji ta. Ko gaisuwa babu.

"Ni ne, inna."

"Ranar da yake gadin nan 'yarmu ta faɗo daga matakala, kanta ya fashe. Na aika masa. Ya roƙi sajen da ke kula da masu gadi, saje ya ce je ka, zan sa wani. Bai sa ba. Da aka zo bincike sai ya ce bai san zancen ba."

Izini ne fa, ko da na baki! Da na ji wannan, da shari'ar ta sha bamban.

"Don Allah me ya hana shi gaya mini?"

Ta dube ni, ta dubi kafaɗata.

"Ya ce ka shigo masa da anini, kuma ba ka ce ya zauna ba. Soja na ƙame zai kai ƙarar na gaba da shi wurin hafsa? Ya ce yana ta jira ka ce ya sassauta."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ni da na yi tsallen kwaɗo a kan amsar nan, ni ne na kasa gane ta a bakin wani.

Da gudu na koma wurin Manjo na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce a rubuta koke, amma kada in yaudari kaina: mutum ya amsa laifi da bakinsa, an tabbatar da hukunci, sajen kuma ba zai canza magana ba.

"Kai kuwa," ya ce, "ka zauna, dattijo na tsaye a gabanka. Me ya hana ka ce masa ya zauna?"

Magatakarda ya daina buga kekensa. Na ji dugadugaina sun haɗe da kansu, hannuwana sun manne a cinya.

"Ba ni da uzuri, yallaɓai."