Takardar da Elias Ya Riƙa Miƙawa

Malam Mijinyawa akawu ne a wani ofishin Turawa a Bauchi, shekara goma sha ɗaya yana buga tafireta. Bai yi makaranta mai nisa ba, amma aiki ya koya masa abu guda: duk kalmar Turanci da ta fara da dis, to wani abu za ta ƙwace wa mutum. Har jera su yake yi a bayan wani tsohon littafi. Disobey, ƙin bin umarni. Dishonest, rashin gaskiya. Discharge, sallama, wannan da ɗan sauƙi, don mutum na iya tafiya da mutuncinsa. Dismiss kuwa kora ce tsirara, ba gyara.

A damunar 1959 gwangwanin kananzir biyu suka ɓace a sito. Sabon Baturen ofishin bai tsaya bincike ba, ya ɗora wa Elias mai gadi, dattijo mutumin kudancin Bauchi da ya kai shekara ashirin a bakin ƙofar nan. Baturen ya rubuta layi uku ya miƙo wa Mijinyawa ya buga. Dismissed na ciki, dishonest na ciki. Mijinyawa ya san Elias ko ashana ba ya ɗauka, amma akawu ba ya gyara wa Bature magana. Haka ya buga.

Al'adar ma'aikatan Turawa ce a lokacin, in ka bar aiki a ba ka takardar shaida, ita za ka nuna a gaba a ɗauke ka. Elias ya zaci irinta aka ba shi. Da la'asar sai ga shi a ƙofar gidan Mijinyawa a unguwar Wunti, ya naɗe ta cikin ƙyalle.

"Malam, karanta mini. Me Bature ya ce a kaina?"

Mijinyawa ya dubi furfurar mutumin, ga maƙwabta zaune a kan tabarma sun kasa kunne. Ta yaya zai kira sa'an babansa ɓarawo a bainar jama'a? Kunya ta hana shi faɗin gaskiya.

"Baba Elias, ya ce ka daɗe kana aiki, an sallame ka lafiya."

"To, madalla. Na san Bature ba ya manta alheri."

Ka ji irin taimakon da kunya ke yi wa mutum. Mijinyawa ya ce a ransa gobe zai same shi shi kaɗai ya faɗa masa gaskiya. Goben ta zo, ta wuce, nauyin maganar sai ƙaruwa yake.

Elias kuwa ya shiga gari da takardarsa. Ya kai ta kantunan Turawa, ya kai wa 'yan kwangilar hanya, har bariki ya je. Ko'ina sai ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu, a karanta, a dube shi sama da ƙasa, a ce babu aiki. Matarsa Liatu ta koma sayar da itace. Mijinyawa in ya hango shi a kasuwa sai ya sake hanya.

Bayan wata bakwai, ana ta shirin bikin 'yancin kai, Elias ya sake zuwa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Takardar ta tsage a wajen ninki, ya liƙe ta da ƙaro.

"Malam, ina ga don ya tsufa ne ba su ganin rubutun da kyau. Ka buga mini sabo, daidai yadda yake, kar ka rage ko ɗaya."

A nan Mijinyawa ya kasa ci gaba da ɓoyewa. Ya shigar da shi zaure, ya fassara masa layi ukun nan kalma bayan kalma. Ya kuma gaya masa cewa shi ya buga su.

Elias bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da Mijinyawa ya fi samun sauƙi. Sai ya fara lissafa wuraren da ya je da yatsunsa, ya cika hannu biyu, ya tsaya.

"Har Fasto na kai wa, Malam," ya ce a hankali. "Ya karanta a gabana, ya ce zai yi mini addu'a. Ni kuma na yi ta godiya."

Ya tashi ya saka takalmansa ya fita, ya bar takardar a kan tabarma.