Babur Ɗan Dangi

Alhaji Na'ibi ya kawo Triumph ɗinsa garejinmu na unguwar Nuzla a Jidda, ja, ƙirar Ingila, irin na doguwar tafiya mai akwati biyu a baya. Birki kawai zan canza masa, amma sai da ya shanya ni a rana yana ba ni tarihi.

"Muntaka, wannan ɗan dangi ne," in ji shi, yana shafa tanki. "Kamfaninsu ya haura shekara ɗari. Sun durƙushe, sun sake tashi. Kowane ƙarfe a jikinsa an san asalinsa."

Na ce masha Allah, na ci gaba da aikina.

A garejinmu, wanda ya taɓa birki shi ke fara hawa ya gwada kafin mai abu ya hau. Da na gama, Alhaji ya miƙo makulli. "Yalla, kai shi bakin teku ka dawo."

Na hau har ƙarshen lungu, inda kwalta ta fara, inda 'yan sanda ke tsayawa suna tambayar iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, wadda ni ba ni da ita. Nan na taka birki, na juyo.

"Har ka dawo?"

"Yana kamawa sosai, Alhaji."

Bara babur ɗin nan ya sauka daga jirgin ruwa, har ya samu lamba da takarda, yana zuwa Madina yana dawowa. Ni kuwa a Nuzla aka yanke mini cibiya, kakana a Makka yake kwance, amma har yau ba wanda ya tambayi asalina sai mai son ya jefa ni a motar waɗanda za a kora daga ƙasar.