Sunan da Sonny Ya Bari a Gida

Ranar da Mang Ambo ya roƙi Sonny ya zama uban baftismar jikarsa, ranar abotarsu ta mutu.

A masana'antar takalma ta Marikina kowa Sonny yake kiransa. Sunansa na yanka Saripada, Musulmi ne daga Marawi, can kudu. Ya ajiye sunan tun shekarar da shi da marigayiya matarsa suka zo neman ɗakin haya. Duk gidan da aka ga mayafinta, nan take ɗakin ya zama an riga an kama. Ta cire mayafin, shi ya cire sunan, suka samu ɗaki har da taga.

Benci ɗaya suke ɗinki da Ambo tun gashinsu na baƙi. Naman alade kuwa, Sonny ya ce ba ya ci, hawan jini gare shi. Ba a taɓa cutar da ta yi wa mutum hidima irin wannan ba.

Ambo mutumin kirki ne, irin masu kirkin da ba su taɓa zuwa kudu ba amma sun san komai game da ita da Musulminta, waɗanda suke kira Moro.

"Moro? Kada ka juya masa baya, mutumina," yakan ce, yana miƙa wa Sonny rabin kifinsa. "Ci, ci, ka rame kamar igiyar takalmi."

In jikokinsa sun ƙi barci, da Moro yake tsorata su. Sonny yakan yi dariya. Ya iya ta sosai.

Ranar roƙon, Ambo ya zo masa da sabuwar riga a leda.

"Lahadi a coci. Kai za ka riƙe jikata. Kar ka zo mini da wannan tsummar, fada zai ɗauka bara ka zo."

A nan ba a ƙin wannan roƙo. Wanda ya ƙi, ya ce jinin gidan bai kai ba ke nan. Amma Sonny, da ya saba sallarsa a bayan labule, ya san ƙaryarsa ba za ta iya tsayawa gaban fada ta yi alkawari a kan jaririya ba.

"Ba zan iya ba, Ambo."

"Don me? Kyauta ce? Wa ya tambaye ka ko peso ɗaya, tsohon marowaci?"

"Ba zan iya ba dai."

Ambo ya dube shi, ya naɗe ledar. Washegari ya koma wani benci.

Damina ta wuce ba ko gaisuwa. Sonny ya yi ta shirya maganar a ransa, yana gyara ta kamar takalmin da ya ƙi zama. Safiyar da ya ɗauki ƙafa ya tafi, ya tarar an kafa rumfa a ƙofar gidan, maza na karta, akwatin gawar Ambo a falo. Hawan jini, na gaske.

Aling Pacing, matar Ambo, ta kawo masa faranti.

"Kaza ce, Sonny. Ko da yana fushi, kullum sai ya ce a ware maka tukunya. Me ya haɗa ku ne?"

Ya je ya tsaya kan akwatin, yana kallon fuskar da aka shafa wa hoda ta cikin gilashi. Maganar tana nan a shirye, gajera ce ma.

Ambo, sunana Saripada. Ni ne Moron, kuma kullum kana juya mini baya.